Zana Ta Ji

Kwanakin baya wasu samarin malamai biyu suka shigo shagona neman fentin allo. Ina auna musu, sai na ji ɗaya yana ba ɗan'uwansa labarin yadda ya sallami aji tun da hantsi saboda fanka ta tsaya. Na tambaye shi abin da ya sami fankar. Ya ce shi ina ya sani, ai malami ne shi, ba mai gyaran wuta ba. Ɗayan ya dube ni ya ce, "Baba Alhaji, ku dai kun more. Zamaninku koyarwa ba wuya, alli ne kawai da bulala."

Na ba su fentinsu suka tafi, amma maganar ta zauna mini. Kafin in zama dillalin kwano da katakon da kuka sani, malamin ajin manya ne ni a nan Illela, tun shekarar da aka sami 'yancin kai har lokacin da soja suka karɓi mulki. Bulala kuwa, wa za ka daka? Ƙaramin ɗalibina yana da mata da 'ya'ya, babban cikinsu sa'an mahaifina ne.

A hannun Malam Mu'azu na koyi aikin, wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da irin wannan aji. Ranar farko ban ga littafi ba. Turmi ya miƙo mini da gawayi. Ya ce, "Karatu kowa na iya biya shi, ɗaki na ba kowa ka iya riƙewa ba. Yaro in zahi ya dame shi, kuka zai yi shi zamna. Babba in gindinai ya yi tsami, tashi zai yi shi tahi kasuwa, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara tai." Wata guda ina bin sa ban koyar da harafi ko ɗaya ba. Ina daka, ina shara, ina ɗaure ƙafar allo.

Baƙanta allo shi ne aikin farko. Ka daka gawayi ya yi lukui, ka tankaɗe, ka kwaɓa da ruwan ƙaro, ka shafa da tsumma, ka shanya a inuwa. In ka shanya a rana zai tsage. In ka sami tsohon batir na tocila ka fasa ka ƙara baƙin cikinsa, to allonka zai yi kamar na Turawa. Wata shekara ƙaro ya yi wuya, muka kwaɓa da gasara. Allo ya yi kyau ƙwarai. Na rubuta darasi tun da safe, na jingine shi a bango, na tafi cin abinci. Da na dawo, awakin maƙwabta sun lashe shi tas tun daga sama har ƙasa, suna tsaye da baƙaƙen leɓuna suna kallona. Har aka rufe ajin, in mutum ya kasa karatu sai a ce ya je ya tambayi akuyar maƙwabciyarmu Inna Yalwa, ita ce ta haɗiye darasin.

Ƙafar allo kuma abincin gara ce. Ka kafa ta a ƙasa yau, bayan kwana kaɗan kana cikin rubutu sai allo ya durƙusa kamar raƙumi. Maganinta gwangwani: kowace ƙafa ka sa ta cikin nata, ka cika da toka da baƙin mai na mota. Alli yakan zo daga ofis, amma ba ya kai mu ko rabin zango. Sai mu ɗebo farar ƙasa, mu kwaɓa, mu murza kamar yatsa, mu busar. Tana rubutu, sai dai in ta haɗu da tsakuwa takan yi wata ƙara da ke sa haƙoran mutum tsami. Wannan ma yana da amfani wajen tada mai gyangyaɗi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda aka yi mana gata. Da a rumfar kara muke karatu. Sai aka gina mana ɗaki na ƙasa da rufin kwano sabo fil, yana ƙyalli har daga hanyar Ƙonni ana hango shi. Wani ɗan kwangila ya kawo bencina, ashe na 'yan firamare ne. Labbo wanzami, dogo ne kuma bakinsa ba ya hutawa, ya zauna gwiwoyinsa suka taɓa haɓarsa, ya ce, "Malam, karatu munka zo ko kaciya?" Na ɗora ƙafafun bencin a kan tubala, aka sami sauƙi.

Kwanon ne bala'in. Ajin manya da rani ake yinsa, tsakanin azahar da la'asar, don shi ne lokacin da manomi da ɗan kasuwa suke da sarari. Da bazara ta kama, ɗakin nan ya zama tanda. Zufa na ɗiga a kan ƙananan allunan ɗalibai tana share abin da suka rubuta. Yau mutum biyu ba su zo ba, gobe an aiko cewa wane ya tafi jana'iza, jibi shi kuma wancan jakinsa ya ɓata. Na tuna maganar Malam Mu'azu, na ajiye alli na hau rufi.

Karan dawa na fara shimfiɗawa a kan kwanon, na bi da zana, na danne da duwatsu. Na sa magini ya fasa taga babba a bangon da ke kallon ƙofa, ƙasa-ƙasa, yadda iska za ta shiga nan ta fita can. Na binne randa rabi cikin yashi a bakin ƙofa, ina jiƙa yashin. Kafin ɗalibai su zo in yayyafa wa daɓe ruwa. Labbo ya ce na sa wa amarya tsumma, don kwanon ya daina ƙyalli. Amma ɗaki ya yi sanyi kamar cikin rijiya. Masu jana'iza suka dawo, jaki ma aka gan shi. Har waɗanda ba su da niyyar karatu suka fara leƙowa.

A cikin ɗalibaina akwai Nomau, karen motar wani Alhaji mai jigilar albasa zuwa Sakkwato. Shi ne ya fi kowa naci, kuma yana da dalili. Direban motar ya tsufa zai ajiye aiki da kaka. Mai motar ya ce duk wanda ya kawo takardar shaidar ya iya karatu da rubutu cikin karnukan motarsa biyu, shi zai kai a yi wa gwajin tuƙi. Ɗayan yana can Sakkwato yana nasa ajin. Jarrabawarmu kuwa sau ɗaya ake yinta, gab da saukar damina, kuma sai wanda ya zauna aji ake gwadawa. In Nomau ya rasa ta, zai ci gaba da sa wa taya waigi a ƙarƙashin abokinsa har ya yi furfura.

Wata rana muna tsakiyar karatu sai ga Baba Arzika da buzunsa a hammata. Tsohon falke ne, ya yi safarar kanwa da raƙuma, mutum mai nauyi a unguwa. Ya yi sallama, ya ce ya zo a rubuta shi ɗalibi. Ya shimfiɗa buzu a ƙasa kusa da allo, ya jingina da bango, ya lumshe ido. Ina juyowa na ga wurin Nomau babu kowa, sai takalmansa.

Baba Arzika surukin Nomau ne, uban matarsa Hajo. Ku yaran yanzu da kuke kallon ƙwallo da surukanku a kujera ɗaya ba za ku gane ba. A lokacin, in ka hango surukinka a hanya sai ka tuɓe takalma ka tsuguna, ko ka sake hanya. Ba ka zama a kan benci yana ƙasa. Ba ka ba shi baya, ba ka haɗa ido da shi, ba ka ɗaga murya yana ji. To ina karatu? Nomau ya koma bayan taga yana leƙe daga waje cikin rana, inda rabin allo kawai ake gani. Bayan kwana kaɗan ya daina zuwa.

Na same shi a tasha yana ɗaure tamfol. Na ce ya zo da safe in koya masa shi kaɗai. Ya ce mota tun asuba take tashi. Ni kuma da yamma ina hawa keke zuwa wani ajin a Darna Sabon Gari. Ya ce, "Malam, ka bar shi. Hala tuƙin ba rabona na ba."

Korar dattijo daga aji ba ta yiwuwa, gari zai cinye ka da baki. Amma na ce a raina, wanda sanyi ya kawo, zafi zai mayar da shi. Da hantsi na hau rufi na janye zana da kara daidai saman inda yake shimfiɗa buzunsa, faɗin tabarma guda. Da rana ta take, kusurwar nan ta koma gidan jiya. Ina rubutu ina satar kallonsa. Zufa ta jiƙa hularsa, ta biyo gemu, ta sauka a riga. Ga sarari can gefe cikin sanyi, bai matsa ba. Washegari ya dawo ya zauna a wurin. Na ce, "Baba, ko ka ɗan matsa, nan da zahi." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wane zahi? Ni da nit taka rairayin Agadas?"

Nan na san ba sanyi ya kawo shi ba. Na mayar da zana wurinta, na je aski wurin Labbo, don kan da ya shiga hannun wanzami ba ya fita da sirri.

Labbo ya yi dariya har sai da ya janye aska. Ya ce, "Kai kaɗai na ba ka sani ba, Malam. Tsoho ba shi son Nomau shi zama direba. Cewa shikai direba ba shi da gari. Yau Ikko, gobe Anaca, jibi a kwashe mai ɗiya a kai ta Zariya. Hajo ita ɗai ta rage mai a gari. In yac ce kada a yi, a ce ya tare wa yaro arziki. To sai ya ɗauko buzu. Shina zamne kawai, kunya na yi mai aiki."

Na yaba wa tsohon. A duk shekarun da na yi ina ciniki daga baya, ban gamu da wanda ya fi shi iya hana abu ba tare da ya ce a'a ba.

Sai na yanke shawarar raba ɗakin gida biyu, na yi aikin ranar kasuwa, da ba aji. Na kafa itace biyu a tsakiyar ɗaki, ɗaya gaba ɗaya baya, na ɗaure zana sabuwa tsakaninsu, ta fi tsayin mutum. Allo na kafa shi a gaba daidai bakin zanar, yadda na dama da na hagu duk suna ganinsa amma ba sa ganin juna. Ɓangare ɗaya ƙofa ce mashigarsa, ɗayan kuwa tagar nan mai ƙasa-ƙasa. Da ɗalibai suka tambaya, na ce gara ta ci azarar tsakiya, tokara na yi, zanar kuma don kada wani ya jingina da itacen. Kowa ya ɗaga kai ya dubi azara lafiyayya, kowa ya ce lallai gara ba ta da kirki.

Nomau ya dawo. Ta taga yake shigowa, ya zauna a ƙasa ba ko tabarma, don kada ya fi wanda ke bayan zana tudu. Na daina tambayar mutum ɗaya-ɗaya, sai a biya tare, muryarsa ta ɓace cikin ta jama'a. Abin da ido bai gani ba, ba a ce an yi rashin kunya ba. Kwana biyu komai lafiya.

Sai tsoho ya sake dabara. Muna tsakiyar darasi ya naɗe buzu ya ce iska ta koma wancan gefen, ya zagayo ta gaban allo. Nomau ya dira ta taga, ya zagaya ɗaki a guje, ya shigo ta ƙofa ya zauna inda tsohon ya tashi. Can an jima iska ta sake juyawa. Nomau ya fita ta ƙofa ya faɗo ta taga. Aji ya daina kallon allo, kowa na jiran iska ta juya. Labbo har yakan jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya ce, "Baba, kamar ta soma komawa hwa."

Ni kuwa ba dariya nake ba. Gajimare ya fara taruwa a gabas, ɗalibai sun fara zancen iri, an aiko cewa mai jarrabawa yana hanya. Nomau ya rame, gwiwarsa duk ƙujewar taga, kuma har yanzu bai iya haɗa dogayen kalmomi ba.

Ina wanke moɗa a bakin randa dabarar ta zo mini. Kunyar nan ai ba gefe ɗaya take ci ba. Da aka tashi ran nan na ce, "Jama'a, jarrabawa ta matso. Daga gobe kowa zai tashi shi kaɗai gaban allo, ya karanta da ƙarfi kowa na ji. Kuma ba mu yin rashin ladabi, daga babba za mu fara." Ban dubi kowa ba. Labbo ya yi tari.

Na ɗauka ba zai zo ba. Duk da haka na sake baƙanta allo da batir biyu, na rubuta haruffa manya kamar tafin hannu, don kada a ce ido ne. Azahar na yi sai ga shi, da sabuwar riga ma. Ɗaki ya cika har da masu leƙe. Nomau yana bayan zana, ko numfashinsa ba a ji.

Na miƙa wa tsoho sandar nuni. Ya tashi a hankali ya karɓa. Ya dubi allo, allo ya dube shi. Wata guda yana ajin nan ido rufe, bai san harafi ko ɗaya ba. Kuma ya san duk abin da ya fito daga bakinsa, mijin 'yarsa zai ji, kuma zai san kuskure ne.

Ya ce, "Malam, wanga rubutu ya yi ƙanana."

Na ce, "In matso da allon, Baba?"

Ya juya sandar a hannunsa. Sannan ya nuna zanar da ita, ba tare da ya waiwaya ba.

"Malam, wagga zana taka, tana da kunne?"

"Tana da shi, Baba."

"To ka hwaɗa mata, ni ban hana kowa neman abincinai ba. Amma hanya hanya ta. Akwai wadda ka zuwa Sakkwato ta dawo ta kwana Illela. Akwai wadda ka zuwa Ikko, sai dai a aiko ma da sabulu da Sallah. Ka tambaye ta wacce taka so."

Na juya na fuskanci zana, na maimaita maganar kamar mai shela. Aka ji 'yar raɗa a baya. Sai Labbo, da ke zaune a wancan gefen, ya leƙo da kansa ta saman zanar ya ce, "Baba, zana ta ji. Ta ce Sakkwato da dawowa. Ta ce in an gan ta gaba da Gusau a cinna mata wuta."

"Gaban shaidu?"

Ɗaki duka ya amsa, "Mun shaida!"

Tsoho ya miƙo mini sanda. Ya naɗe buzunsa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya ce, "Karatunku ku riƙe abinku. Amma sanyin ga ba ni barin shi. Ka san inda za ka aje ni."

A ranar na kafa masa 'yar rumfa a jikin bango kusa da randa, inda iskar taga ke kaiwa amma ido ba ya kaiwa. Nan ya riƙa barcinsa na gaskiya, da minshari, har aka rufe aji. Zanar tsakiya ban cire ta ba, don tokarar gara ce, kowa ya sani.

Ranar jarrabawa ana cikin shibta ruwan farko ya sauko. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano tsirara lokacin ruwa ya san ko ihu kake ba mai jin ka. Namu kuwa, da kara da zana a kansa, sai wani ɗan gunji kamar ana daka a unguwa ta gaba. Mai jarrabawa ya ci gaba da faɗa, ɗalibai suka ci gaba da rubutu. Nomau ya ci. Da kaka aka ba shi mota, kuma har ya ajiye tuƙi hanyar Sakkwato yake bi.

Wannan shi ne abin da na so in gaya wa yaron da ya sallami aji don fanka ta tsaya. Wanda bai san abin da ke damun rufinsa ba, ba zai san abin da ke damun mutanen da ke ƙarƙashinsa ba.

Bayan an yi girbi, Baba Arzika ya tashi zuwa ɗaurin aure Sakkwato, kuma motar Nomau ce kaɗai mai tafiya ran nan. Ba a ɗora dattijo a kan buhunan albasa. Gaban mota kuwa kujera ɗaya ce doguwa, ga direba ga fasinja kafaɗa da kafaɗa. Aka yi cirko-cirko a tasha, direba na tsugune bayan taya, suruki na kallon sama. Sai ga Labbo ya zo mini a guje, wai in ba da aron zanar aji.

Na ce kayan aji ba a aronsu, amma ina da tawa a gida ta sayarwa. Ita ce haja ta farko da na taɓa sayarwa a rayuwata, kuma ban yi ragi ba.

Aka yanka ta daidai, aka rataya tsakanin direba da surukinsa, aka cusa Labbo ta bakin ƙofa don isar da saƙo. Mota ta tashi. Ba su kai ƙarshen gari ba muka jiyo muryar tsoho ta taga:

"Labbo, hwaɗa wa zana ta rage gudu!"